Daskarewar zuciya: Abin da ke sa mutum ya daina jin daɗi da baƙin ciki

Daga cikin larurorin da ke cin mutane a ɓoye akwai wadda ba ta kwantar da mai ita, ba ta kuma hana shi fita nema. Mutum yakan tashi da asuba, ya buɗe shagonsa a Babbar Kasuwar Katsina ko ya sa hannu a rajistar ofis a sakatariya, ya amsa gaisuwa kamar yadda ya saba, alhali babu abin da ke motsi a ransa. Ciniki ya yi kyau, bai ji daɗi ba. An tafka asara, bai ji zafi ba. An yi masa haihuwa, ya yanka rago, ya karɓi barka, amma yana jin abin kamar sunan gidan maƙwabci ya halarta.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma wannan larura ta saɓa wa karin maganar, domin fuskar mai ita takan kasance a sake. Shi ya sa mutum kan shekara a cikinta ba tare da matarsa ko abokin cinikinsa sun san sunan abin da ke damunsa ba. Iyakar abin da za su ce shi ne wane ya canza.

Yadda abin yake

Harshen Hausa yana da kalmomi da dama da ke kusa da wannan hali, sai dai kowacce da inda ta dosa. Mutuwar zuciya zargi ce ga wanda ya ƙi neman na kansa. Ƙeƙashewar zuciya kuwa ta shafi rashin tausayi da nisantar Allah. Halin ko-in-kula ganganci ne. Abin da ake magana a kai a nan ya fi kama da abin da ke samun haƙori bayan an sha tsamiya, ko tafin hannun manomi da ya yi kanta: gaɓar tana nan lafiya, jin ne ya dakushe.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun lura da siffofi uku da abin ke zuwa da su. Ta farko ita ce gushewar jin daɗi: abinci ya daina daɗi, hirar majalisa ta zama nauyi, hawan Sallah da mutum ke ɗoki tun yana yaro ya wuce a Ƙofar Soro bai ko leƙa ba. Wani masani Bafaranshe, Théodule Ribot, shi ne ya ba wannan hali suna na musamman a shekarar 1896.

Ta biyu ita ce dakushewar ji gaba ɗaya, mai daɗi da marar daɗi. Mutum ya je jana'izar ɗan uwansa, ya tsaya a bakin kabari, hawaye ya ƙi zuwa, daga baya ya riƙa tuhumar kansa da rashin imani.

Ta uku ita ce jin an rabu da kai ko da duniya. Mai wannan hali yakan ji kamar yana kallon kansa ne daga gefe, ko kuma tituna da mutane sun koma kamar mafarki, kamar akwai gilashi tsakaninsa da su. Abin lura shi ne ya san sarai cewa ji ne kawai, duniya ba ta canza ba, kuma wannan sanin ne ya raba shi da mai taɓin hankali. Littattafan likitanci sun nuna cewa kusan rabin manyan mutane sun taɓa jin irin wannan na ɗan lokaci, musamman bayan hatsari ko rashin barci, amma waɗanda abin ke zame musu ciwo mai ɗorewa ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba.

Garkuwar da ta ƙi sauka

Asalin daskarewa kariya ce. Idan ɗan Adam ya fuskanci hatsari, jikinsa kan zuba sinadarai irin su adiranalin da kotizol domin ya yi faɗa ko ya gudu. Idan babu halin ko ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki hanya ta uku: ta rage jin zafi da tsoro, ta bar mutum a sandare. Baturen nan mai yawon bincike, David Livingstone, wanda zaki ya cafke a kudancin Afirka a 1844, ya ba da labarin cewa a lokacin ya shiga wani yanayi mai kama da mafarki, bai ji zafi ko firgici ba, ko da yake yana sane da duk abin da ke faruwa. Waɗanda suka tsira daga hatsarin mota a hanyar Katsina zuwa Kano sukan faɗi makamancin haka.

Binciken hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa a irin wannan hali, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tunani da kame kai, yakan danne sassan da ke haifar da motsin rai. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta iya zaɓe. Idan ta toshe ƙofar tsoro, ta toshe ta farin ciki da ƙauna tare da ita.

Likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke Robert Jay Lifton ya yi hira da waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya na Hiroshima a farkon shekarun 1960. Ya gano cewa da yawansu sun daina jin komai cikin 'yan sa'o'i bayan tashin bam ɗin, wanda hakan ya ba su damar ratsa gawarwaki su nemi 'yan uwansu. Amma ga wasu, wannan hali bai tafi ba ko bayan shekaru. Garkuwar da ta cece su a ranar masifa ita ce ta tsare su daga rayuwa bayan masifar ta wuce.

Nauyin da Katsina ta ɗauka

Ba sai bam ya tashi ba kafin zuciya ta daskare. Ƙananan duka na yau da gobe suna yin aikin da babban duka guda ke yi, kuma mazauna Katsina sun sha su a jere.

A ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro. A watan Agustan 2025 aka kashe masallata a masallacin Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi. Tsakanin waɗannan manyan labarai akwai ɗaruruwan hare-hare a yankunan Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari, Sabuwa da Ɗandume waɗanda ba su kai shafin farko na jarida ba.

Birnin Katsina kansa ya fi ƙauyuka kwanciyar hankali, amma da wuya a sami gidan da abin bai taɓa ba. Ma'aikacin da ke zaune a birni yana da uwa a ƙauye. Ɗan kasuwa yana bin hanyoyin da ake tare mutane. An sha zagayawa da takardar karo-karon kuɗin fansa a ofisoshi da masallatai, ga kuma mata da yara 'yan gudun hijira da ke kwana a kangaye. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a mujallar likitanci ta The Lancet a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da ke fama da rikici yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kama daga ciwon damuwa zuwa firgicin da ke biyo bayan masifa. Daskarewa da janyewa daga mutane suna cikin sanannun alamomin wannan firgici.

Sai kuma matsin tattalin arziki. An rufe iyakar Jibiya a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, abin da ya karya jarin masu fatauci zuwa Maraɗi. Gobara ta cinye ɗaruruwan shaguna a Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021. An yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, kuma a Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Magidancin da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata yakan fara da fargaba, ya koma fushi, daga ƙarshe ya daina jin komai. In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Wayar hannu ma ta ƙara nata. Bidiyon gawarwaki yana yawo a WhatsApp da Facebook tun kafin a yi musu sutura. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Slovic ya nuna cewa tausayin mutum yana ƙarfi ne a kan mutum guda, kuma yana raguwa yayin da adadi ke ƙaruwa. Wanda labarin kisan mutum ɗaya ya hana shi cin abinci shekaru goma da suka wuce, yau yakan karanta an kashe talatin, ya rubuta addu'a ta layi ɗaya, ya wuce zuwa saƙo na gaba.

Sauran musabbabai

Ba kowace daskarewa ce ke da nasaba da tashin hankali ba. Mafi yawan lokuta alama ce ta ciwon damuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana damun mutane sama da miliyan 280 a duniya. Jama'a sun ɗauka ciwon damuwa kuka ne da baƙin ciki, alhali likita na iya tabbatar da shi ga mutumin da bai zubar da hawaye ko sau ɗaya ba, muddin sha'awar komai ta gushe masa tsawon mako biyu ko fiye, tare da wasu alamomi irin su rikicewar barci, canjin cin abinci, kasala, rashin tattara hankali da ganin kai ba a bakin komai ba. A wurin maza musamman, abin yakan fito a siffar shiru da saurin hasala.

Akwai kuma ƙonewar aiki. A 2019 hukumar ta bayyana ta a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin wurin aiki, mai alamomi uku: ƙarewar kuzari, nisantar aikin a zuci, da raguwar ƙwazo. Malaman makaranta masu aji cike maƙil, jami'an tsaro da ma'aikatan jinya sun fi kowa shiga hatsarinta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. Ma'aikaciyar jinyar da ke rufe idon yaro bayan yaro tilas ta rage jin abin a ranta kafin ta iya komawa aiki washegari, kuma wannan ragewar ba ta tsayawa a bakin ƙofar asibiti, tana bin ta har gida.

Ƙwayoyi ma suna da hannu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Tiramadol, kodin da tabar wiwi duk suna dakushe ji. Da yawa suna fara sha ne don su huta da tunani, sai su wayi gari ba sa jin daɗin komai in ba su sha ba.

Hatta wasu magungunan damuwa da likita ke rubutawa suna iya rage kaifin ji ga wani kaso mai yawa na masu shan su. Wanda ya lura da haka ya koma wa likitansa domin a rage ko a canza maganin. Dainawa farat ɗaya yana da hatsari. Haka kuma ƙarancin jini, raunin aikin maƙoƙo, ciwon suga da daɗewa ba a samun isasshen barci suna iya kawo irin wannan mutuwar jiki da ta rai, kuma gwajin jini mai sauƙi kan bayyana wasunsu.

Haƙuri ne ko daskarewa?

Abin da ke ƙara ɓoye larurar a ƙasar Hausa shi ne kamanninta da ɗabi'ar da aka fi yabawa. A nazarin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa a 1974 kan siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, haƙuri da kunya suna sahun gaba. Ana tarbiyyar yaro a kan cewa namiji ba ya kuka, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka idan mutum ya rasa ɗa ko dukiya bai nuna komai ba, sai masu ta'aziyya su fita suna yaba tawakkalinsa.

Sai dai akwai bambanci. Mai haƙuri yana jin zafin, yana kame harshe da gaɓoɓinsa, kuma yana nan tare da iyalinsa: dariyar jikansa tana ratsa shi, kiran sallah yana motsa shi. Wanda ya daskare kuwa babu zafin da zai kame, kuma abubuwan da ke sanyaya rai ma ba sa isa gare shi. Tarihin Musulunci bai ɗauki jin baƙin ciki a matsayin rauni ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub (AS) da idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf (AS). Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma malaman tarihi suna kiran shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu Shekarar Baƙin Ciki.

Tun fiye da shekara dubu da suka wuce, malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana bukatar magani. Don haka mutumin da ya daina jin ɗanɗanon ibada a lokaci guda da ya daina jin ɗanɗanon abinci da hira da barci, ya kamata ya duba lafiyarsa kafin ya yanke wa imaninsa hukunci. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyin juna ba ne.

Abin da ake asara

Iyali ne ke fara biyan farashin. Matar da mijinta ya daina yi mata hira takan fassara shirun da ƙiyayya ko shirin ƙarin aure, yaran kuma su taso da uba a gida amma ba su san shi ba. Uwar da ta haihu ta kasa jin ƙaunar jaririnta, wanda alama ce ta ciwon damuwa na bayan haihuwa, takan ɓoye abin saboda tsoron a ce ba ta da imani.

A kasuwa, wanda asara ta daina yi masa zafi yakan saki lissafi, ya ba da bashi ba tare da rubutawa ba, ya bar kaya su ƙare bai saro ba. A ofis kuwa fayil ɗin ɗan fansho zai kwana wata uku a kan tebur, domin mai teburin ya daina ganin mutum a bayan takarda. Mafi hatsari shi ne wasu kan nemi abin da zai farkar da su ko ta halin ƙaƙa: gudun ganganci a kan babur, cacar intanet, ƙwaya, ko cutar da jikinsu.

Hanyar fita

Daskarewar kwanaki kaɗan bayan rasuwa ko hatsari abu ne da aka saba, kuma yawanci tana wucewa da kanta. Lokacin ganin likita ya yi idan ta haura mako biyu tana taɓa aiki da zaman iyali, ko ta haura wata guda bayan wata masifa tare da mugayen mafarkai da zabura. Idan kuwa mutum ya fara jin mutuwa ta fi masa, ko yana tunanin cutar da kansa, to a kai shi asibiti a ranar, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Ba sai an fara da asibitin ƙwaƙwalwa ba. Likitan sashen marasa lafiya na waje a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Babban Asibitin Katsina yana iya yin gwaje-gwajen farko ya tura mutum inda ya dace. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka kuma sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta nuna wariya ga masu irin waɗannan larurori, har a wurin aiki.

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'umma sama da miliyan 200. Amma Afirka ta riga ta nuna cewa ba lallai sai ƙwararre ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da marasa lafiya a cikin gidajen ƙauyen Aro na Abeokuta tare da danginsu tun 1954. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu yawan tunani, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da cewa tsarin yana rage ciwon damuwa sosai. Jihar da ke da limamai, ungozomai da masu unguwanni a kowane lungu ba ta rasa waɗanda za a horar ba.

Akwai kuma abin da mutum zai yi wa kansa. Ɗaya daga cikin hanyoyin jinyar da aka tabbatar da ingancinsu ta ginu ne a kan cewa aiki ke jawo sha'awa, don haka ba a jiran sha'awa ta dawo kafin a motsa. Mutum ya zaɓi ƙananan abubuwa biyu ko uku da yake jin daɗinsu a da, kamar ziyarar ɗan uwa, zaman majalisa bayan La'asar ko tattaki da safe, ya sa musu lokaci, ya riƙa yi ko bai ji komai ba. Ya tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ya rage shayi mai kauri da goro da dare, ya daina buɗe bidiyon kashe-kashe. Idan jin rabuwa da duniya ya taso, mayar da hankali kan abin da gaɓoɓi ke ji, kamar sanyin ruwan alwala a fuska ko taurin ƙasa a tafin ƙafa, yana taimakawa.

Na kusa da shi kuma su guji gori da wa'azin da ba a nema ba. Abokin da ya ja shi gefe ya ce, “Alhaji, kwana biyu na ga kamar ba kai ba, lafiya dai?” sannan ya yi shiru ya saurara, ya fi wanda ya ce masa kowa ma da tasa damuwar. Ya kamata su sani cewa idan ji ya fara dawowa, ba farin ciki ne ke fara isowa ba. Sau da yawa kukan da aka daɗe ba a yi ba ne, ko fushi, ko tsoro. Likitoci suna ɗaukar hakan alamar sauƙi, kamar yadda ƙafar da ta sage ke yin zogi a lokacin da jini ya fara komawa cikinta.